Yadda Ake Gyara Cikin Jitar Katako Kafin a Rufe Akwatinta

Duk wanda ya taɓa haska tocila cikin ramin jita ya san cewa cikinta ba ya sheƙi kamar wajenta, kuma wannan ba mantuwa ba ce. Manyan kamfanonin Amurka irin su Martin, wanda aka kafa a 1833, suna barin cikin jitarsu katako zalla, yayin da wasu masu ƙira da hannu ke shafa masa shalak kaɗan, wato wani ƙaro da ake narkarwa a shafa wa katako. A ganina, mai ƙira ko mai gyara da ke zaune a Maraɗi yana da dalilin bin hanya ta biyu, domin jita tana son danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, mu kuwa hunturu yana saukar da shi ƙasa da kashi 20, sannan damina ta mayar da shi sama sosai a watan Agusta. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya saki ya tsuke, kuma fuskar jita da kaurinta bai wuce milimita 3 ba takan tsage idan tsukewar ta zo da gaggawa. Shalak ba ya hana danshi shiga da fita, yana dai rage masa sauri.

Aikin yana farawa tun kafin a manna fuska da baya, lokacin da hannu ke kaiwa ko'ina. Ya fi kyau a manna haƙarƙarin ciki, wato ƙananan sandunan da ke tallafe fuska da baya, a lokacin rani da iska take bushe, saboda akwatin da aka haɗa cikin danshin damina shi ne hunturu ya fi saurin fasawa. Bayan gam ya bushe, sai a kankare duk wanda ya tsatso a gefen haƙarƙari da ƙaramar kurfi mai kaifi, a bi da samfefa mai lamba 220, ana gogawa a kan tsayin jijiyar katako ba a gicciye ba. A share ƙura da busasshen burushi, kada a sa ruwa.

Abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne rufe wuraren da gam zai taɓa daga baya. Gam yana kama katako ne ta hanyar shiga ƙofofinsa, don haka ba ya riƙe wurin da shalak ya toshe. A liƙa salatif na takarda a kan bakin da fuska da baya za su zauna, da saman guntayen katakon da ke wajen wuya da gindi. Na taɓa karɓar wata jita da aka malala wa cikinta man sheƙin kujera, haƙarƙarinta biyu sun ɓalle, kuma sai da na shafe yini guda ina kankara ta cikin rami da madubi kafin gam ya yarda ya kama. Saboda wannan ne nake barin cikin fuskar ba tare da shafi ba, musamman faifan da ke ƙarƙashin jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska, inda tsirkiya ke ja, domin nan ne tsagewa ta fi yawa, nan ne kuma za a buƙaci manna faci wata rana. Baya da gefuna kawai nake shafawa.

Shi shalak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana sayar da shi ɓarɓashi. A jiƙa giram 12 a cikin mililita 100 na alkol mai ƙarfi, mai digiri 95 idan an samu, a kwalba mai murfi, a bar shi ya kwana ana girgizawa, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Haɗin da ya daɗe a ajiye ba ya bushewa da kyau, saboda haka a haɗa daidai buƙata. A naɗe auduga cikin farin ƙyalle, a ɗiga ruwan har ya jiƙa amma bai kai ga zuba ba, a shafa sau ɗaya daga wuya zuwa gindi. A iskarmu yakan bushe cikin mintoci, amma a jira awa guda kafin shafi na biyu, daga nan a tsaya. Idan wurin ya fara sheƙi, an wuce gona da iri. Alkol yana kama wuta, don haka a yi aikin nesa da murhu, a inuwa, ranar da ƙura ta lafa, domin tana mannewa a ɗanyen shalak. Kada a kusanci cikin jita da mai, ko fenti, ko feshin goge kaya mai silikon.

Jitar da aka riga aka rufe kuwa, irin wadda aka sayo daga Kano ko Yamai, shawarata ita ce a bar cikinta yadda yake. A sassauta tsirkiya, a fitar da ƙura da tsumma mai laushi, sannan daga Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan farko a riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da soso mai ɗan danshi a cikin gwangwanin sabulu da aka huhhuda, ana sake jiƙa sosan duk kwana biyu ko uku, ana kuma matse shi sosai don kada ya ɗiga a kan katako.