Yadda Za a Gane Cutar Goodpasture da Matakan Neman Magani

A Katsina da Daura, idan mutum ya yi tari ya ga jini, tarin fuka ake fara zargi, idan kuma a fitsari ya gan shi, sai a ce tsargiya ce. Sau da yawa hakan ne, amma idan alamomin biyu suka haɗu a cikin 'yan makonni, ga haki, ga kumburin ƙafafu, ga raguwar fitsari, wajibi ne a tuna da cutar Goodpasture, wadda aka raɗa wa sunan likitan Amurka Ernest Goodpasture da ya bayyana ta a 1919.

Asalinta shi ne garkuwar jiki ta juya ta far wa siririyar fatar da ke cikin matatar ƙoda da jakunkunan iska na huhu. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba ta cika faruwa ba, domin kusan mutum 1 cikin miliyan take kamawa a shekara. Shan taba da shaƙar tururin fetur ko fenti suna iya tayar da ita, don haka makanikai da 'yan bunburutu su kula.

Mataki na farko shi ne zuwa babban asibiti a ranar, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma faɗa wa likita alamomin duka. Wannan ne ya fi damuna, domin majiyyaci yakan ambaci tarin ya yi shiru a kan fitsarin saboda kunya, alhali kuwa ƙoda tana iya lalacewa cikin kwanaki kaɗan. Za a auna fitsari, a gwada aikin ƙoda, a ɗauki hoton ƙirji, a nemi ƙwayoyin garkuwar da ke yin ɓarnar a cikin jini, sannan a ciro ɗan tsokar ƙoda da allura don tabbatarwa. Kafin nan a guji jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac.

Maganin ya haɗa da sauya ruwan jini da na'ura na tsawon mako 2 zuwa 3, tare da prednisolone da cyclophosphamide masu rage ƙarfin garkuwa, kuma dole a bar taba. Wanda ƙodarsa ta riga ta gaza zai koma wankin ƙoda, ba kuma a yi masa dashe sai ƙwayoyin sun ɓace daga jininsa na aƙalla wata 6.