Yadda za ka gane ciwon suga a jikin kyanwarka

Muzuruna yana da shekara 9 lokacin da na ga kiyashi sun yi cincirindo a inda yake fitsari, bayan ɗakinmu a unguwar Agege ta Legas. Inna ce ta fara cewa, "Ɗan nan, wannan fa alamar suga ce." Ban yarda ba, don ban taɓa jin mage na kamuwa da shi ba. Ashe tana kamuwa, musamman namiji mai ƙiba da ya manyanta, wanda aikinsa ci da kwanciya.

Fara da ruwan sha. Zafin Legas kan sa mutum ya ɗauka ƙishirwa ce kawai, saboda haka ka auna. Ni ledar fiya wata nake juyewa a kwanonsa da safe, washegari in duba saura. Kyanwa mai kilo 4 da ke kusa shanye leda guda a yini, shan ya wuce kima. Sai yawan fitsari, da ci kamar gara amma tana ramewa. Shafa bayanta, za ka ji ƙashin ya fito. Nawa har tafiyarsa ta sauya, yana taka ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya, ya kasa hawa tagar da ya saba.

Dalili kuwa, insulin ɗin jikinta, wato sinadarin da ke daidaita sugan jini, ya yi ƙaranci ko ya daina tasiri, sai suga ya taru a jini ya riƙa fita ta fitsari yana jan ruwa, jiki kuma ya koma cin kitsensa da tsokarsa.

Kada ka yanke hukunci a gida, don ciwon ƙoda ma haka yake farawa. Kai ta wurin likitan dabbobi a gwada jini da fitsari. Ka sani tsoro kaɗai na ɗaga sugan mage, kuma wadda ta sha gosulo cikin kwali daga Agege a firgice za ta isa. Shi ya sa na roƙi a yi gwajin furuktosamin, mai nuna sugan makonni biyu zuwa uku da suka wuce.

Magani galibi allurar insulin ce safe da yamma, da abinci mai nama, a janye shinkafa da burodi. Insulin na son sanyin firji. Idan aka ɗauke wuta ina sa shi cikin kula mai ƙanƙara, a naɗe da tsumma kada ya daskare. In bayan allura ka ga tana tangaɗi ko makyarkyata, shafa mata zuma a dasashi ka garzaya asibiti. Haka in ta ƙi abinci tana amai, kada ka bari ta kwana.