Yadda za ka zaɓi kalmar Turanci ga mutum mai shiru-shiru

Kafin ka rubuta komai a kan mutumin da ba ya yawan magana, fara tambayar kanka abin da ya sa yake shiru. Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da ya fi damuna a rubutun ɗalibai shi ne duk mai shiru-shiru sai su maƙala masa "shy". Alhali a Hausa ba ma haɗa mai kunya da miskili, ko mai kawaici da mai zurfin ciki. Turanci ma ya rarrabe su.

"Shy" ta wanda maganar ke bakinsa ce amma nauyin mutane ya hana shi furtawa. Yarinyar da ta san amsa sarai, ka nuna ta, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ita ce wannan. Sai dai a kula. Kunyar da muke yabo, wadda ake yi wa surukai da manya, ba ita Bature ke fahimta ba idan ya ga kalmar. Sau da yawa rashin ƙarfin gwiwa yake gani. Saboda haka in kana rubuta wa ɗalibi takardar shaida ta neman aiki ko gurbin karatu, don Allah ka guje mata, kada ka rage wa yaro daraja kana zaton yabonsa kake. Rubuta "reserved", wato mai kamun kai, wanda ya iya magana amma sai ta kama yake yi. In muryarsa ce mai sanyi, "soft-spoken". In ka rasa ta cewa, "quiet" ta wadatar, ba yabo ba fallasa.

"Taciturn" ce ta fi kusa da miskili. Dattijon da za ka durƙusa ka jero masa gaisuwa, ya ce "lafiya" ya ci gaba da jan carbinsa. Halinsa ke nan da kowa. Da ita ake yawan siffanta Calvin Coolidge, shugaban Amurka daga 1923 zuwa 1929, wanda har laƙabin "Silent Cal" aka yi masa. Kalmar tana ɗan ɗauke da ɗaure fuska, ba a faɗa wa mutum ita a gaban idonsa. 'Yar'uwarta "reticent", da suka fito daga tushe ɗaya na Latin, ta zurfin ciki ce a kan wani batu. Mutum na iya zama sarkin surutu a majalisa, amma a taɓo zancen gidansa ya ja baki ya tsuke. Shi ya sa take yawan tafiya da "about": "He is reticent about his family."

Wadda na fi so ita ce "laconic", daga Lakoniya, yankin mutanen Sparta a tsohuwar Girka, waɗanda suka shahara da gajeriyar amsa. Mai wannan hali yana magana, amma kalma biyu ce ta kashe zance.

"Introvert" kuwa matasa sun ɗauke ta a Facebook suna liƙa wa kowa. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1921. A yadda ake amfani da ita yau, tana nufin wanda taron jama'a ke gajiyarwa, sai ya kaɗaita yake samun sukuni. Yana iya hira har dare da amininsa.

Akwai na taka-tsantsan. "Aloof" zargi ce, kana cewa mutum yana ɗaga kai yana nesa-nesa da jama'a. "Dumb" kada ma ka kusance ta: da can bebe take nufi, yanzu daƙiƙi ake ji. "Withdrawn" kuma ta wanda ya janye jikinsa daga mutane ce, galibi saboda wata damuwa. In ka ga ita ce ta dace da ɗalibin da a zangon baya shi ke tashin ajin da dariya, ajiye biron tukuna, ka kira shi gefe ka ji abin da ke faruwa a gida.