Yadda ake zaɓen bodin a-kori-kura da kula da shi don aiki da kwanan daji a Ostireliya

A Ostireliya motar a-kori-kura, wadda mutanen ƙasar ke kira ute, ita ce abin hawan manomi da kafinta da birkila da mai gyaran famfo, kuma ta samu wannan matsayi ne tun shekarar 1934 da kamfanin Ford ya fito da irinta daga masana'antarsa ta garin Geelong. A yau Ford Ranger da Toyota HiLux da Isuzu D-Max suna cikin motocin da aka fi saye a ƙasar. Masu sana'a da dama ba sa karɓar motar da kwamin bayan da kamfani ke haɗa ta da shi. Sukan sayi kai, wato mazaunin direba da fasinja, da shasi kawai, sa'annan su kai wa maƙera a ɗora musu shimfiɗaɗɗen bodi mai daɓe bai-ɗaya, wanda gefunansa uku ke kwantawa ko a cire su gaba ɗaya. Dalili kuwa a fili yake: daɓen yana saman tayoyi, don haka babu tudun da zai ci wuri, kuma ana iya loda kaya ta kowane ɓangare, har da katakon jera kaya na ƙasar mai faɗin milimita 1,165 a kowane gefe, wanda ba ya shiga tsakanin tudun tayoyi a kwamin motoci da yawa.

Wanda yake son bodi ɗaya ya yi masa aiki daga Litinin zuwa Juma'a, ya kuma kai shi kwanan daji ranar hutu, to da lissafin nauyi zai fara, kafin ya dubi fenti ko ƙyalli. Kowace mota tana da iyakar nauyin da doka ta yarda ta kai idan an haɗa ta da duk abin da ke kanta, wato adadin da ake kira GVM, kuma yana rubuce a farantin bayanan motar da littafinta. Idan aka cire nauyin motar daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne abin da za ta iya ɗauka, kuma a yawancin motoci masu ƙofa huɗu bai wuce tan ɗaya da wani abu ba, wasu ma ba su kai ba. Abin da ke yaudarar mai saye shi ne, ga motar da aka sayar kai da shasi kawai, nauyin motar da ke takarda bai haɗa da nauyin bodin da za a ɗora ba. Haka kuma idan nauyin da aka rubuta na motar wofi ne, to lita 10 kacal na mai aka lissafa a tankinta.

A ƙaddara mota ce mai damar ɗaukar kilo 1,000. Bodi ya ci 150, rufaffen akwatin da aka ɗora a kansa tare da durowoyinsa ya ci 250, ƙarfen kariya na gaba da injin jan mota sun ci 100, mutum huɗu sun ci 300, ruwan sha lita 80 ya ci 80, firji da abincin cikinsa sun ci 50. An kai 930 ke nan, alhali ba a ɗora tanti ba, ba a ɗora tayar safaya ta biyu ba, ba a ɗora kayan aiki ko ɗaya ba. Idan kuma za a ja tirela, nauyin da take dannawa a kan maƙalar baya, wanda galibi yakan kai kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, shi ma daga wannan rabo ake cire shi. Motar da ta wuce iyakarta tana jawo tara, birkinta yana raguwa, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan an yi haɗari. Ana iya ɗaga iyakar ta hanyar sauya sifirin da sauran kayan ƙafa tare da takardar amincewar injiniya mai lasisi, amma wannan ba ya ƙara wa shasi kauri, kuma ba lallai ne ya ɗaga jimillar nauyin mota da tirela ba.

Daga nan sai zaɓen ƙarfe. Nauyin alminiyom kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe idan girmansu ɗaya, sai dai da yake dole a ƙara masa kauri kafin ya yi ƙwari, bodinsa ba ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma duk da haka bambancin yakan kai kilo 100 ko fiye. Ba ya yin jar tsatsa, wanda babban alheri ne ga mai zuwa bakin teku. Illarsa ita ce yana lotsewa idan ana jefa masa duwatsu ko buloli, ɗanyen siminti yana cin sa, kuma girgiza mai tsawo tana tsaga shi a bakin walda, ga shi ba kowane mai walda ne a ƙauye yake da injin da zai ɗinke shi ba. Baƙin ƙarfe kuwa yana jure duka, yana da sauƙin gyara ko'ina, kuma shi ya dace da mai ɗaukar yashi da ƙarafa da injuna a kan mota irin LandCruiser 79 mai ƙofa biyu. A ganina, ga mota mai ƙofa huɗu da za ta yi aiki ta kuma yi tafiya da iyali, alminiyom mai kauri shi ne zaɓi, domin kilo 100 da aka tsira da shi ruwan sha ne na kwanaki. Wasu sukan shimfiɗa katako mai ƙwari a daɓen don kada kaya su riƙa zamewa, wasu kuma tabarmar roba, wadda ta fi sauƙin cirewa a wanke ƙarƙashinta.

Tsawon bodi shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Mota mai ƙofa biyu takan ɗauki bodi mai tsawon kimanin mita 2.4, mai ƙofa huɗu kuwa tsakanin mita 1.6 da 1.8. A mai ƙofa biyu, yawancin daɓen yana gaban aksul na baya, wato sandar da ke haɗa tayoyin baya, ko a kansa, saboda haka kayan suna zaune inda ya kamata. A mai ƙofa huɗu kujerun baya sun riga sun cinye wannan wuri, aksul ɗin yana dab da bayan kai, kuma mafi yawan bodin a rataye yake a bayansa. Duk abin da aka ajiye a bayan aksul yana danna shi da fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaban motar. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a HiLux milimita 3,085 ce. Idan aka rataya kilo 200 a nisan mita 1.2 bayan aksul, abin da ke sauka a kansa ya kusa kilo 280, kuma kusan kilo 80 ya bar tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota. A kan kwalta mai laushi mota takan jure. A kan hanyar burji mai gargada da kwazazzabai, irin Gibb River da ke yankin Kimberley ko hanyar Cape York, duk lokacin da motar ta faɗa rami nauyin yana ninkuwa, har shasi ya lanƙwashe a daidai tsakanin kai da bodi. Irin wannan lanƙwasa sananniya ce a wurin makanikan ƙasar, kuma sanya balan-balan ɗin iska don ɗaga bayan mota kan ƙara tsananta ta, domin yana tara nauyi a wuri guda da ba a ƙera don haka ba. Doka ta iyakance abin da zai rataya bayan aksul ga kashi 60 cikin ɗari na tazarar tayoyi, muddin bai wuce mita 3.7 ba, amma bin wannan ƙa'ida kaɗai ba ya kare shasi. Abin yi shi ne a zaɓi bodi mafi gajarta da zai isa aikin, a sa tankin ruwa da batir da akwatin kayan aiki a jingine da allon bayan kai, a bar wa ƙarshen bodi kaya marasa nauyi kamar katifu da kujerun zango. Rataya tayoyi biyu da jarkokin mai a bangon ƙarshe na akwati, duk da kyan da yake yi a hoto, shi ne mafi munin tsari.

Wajen ɗorawa, a tabbatar maƙerin ya yi amfani da mazaunan da kamfani ya tanada a jikin shasi, bai huda leɓensa ba, bai kuma yi masa walda ba. Shasi yana murɗawa kaɗan idan mota ta hau gargada, don haka bodin da aka ɗaure tamau ba tare da roba a tsakani ba shi ne ke fara tsagewa. Inda alminiyom ya haɗu da baƙin ƙarfe dole a raba su da roba ko wani abin da ba ya ɗaukar lantarki, in ba haka ba danshi, musamman mai gishiri, zai sa alminiyom ya riƙa rududdugewa ya zama farin gari. A tambayi maƙerin yadda zai mayar da kyamarar baya da na'urorin gargaɗi, domin a wasu sababbin motoci na'urar da ke hango motar gefe tana cikin fitilun baya ne, kuma cire kwami yana tafiya da ita. A duba bakin tankin mai kuma, saboda idan bututunsa ya kwanta da yawa, mai zai riƙa dawowa a gidan mai.

Ga mai haɗa aiki da yawo, akwatin da ake saukewa ya fi wanda aka kafe. Yana da ƙafafu huɗu da ake maƙala masa a ɗaga shi, motar ta fice daga ƙarƙashinsa, ya zauna a gida da firji da kayan girki a ciki har ranar tafiya, bodin kuma ya koma ɗaukar katako da bututu. Wayoyinsa su kasance da filogi mai sauƙin zarewa, tare da fiyus kusa da kowane batir. Batir na biyu, wanda ke ba firji da sauran kayan akwati wuta, yana bukatar cajarsa ta musamman, domin injin cajin sababbin motoci yana rage wuta da kansa, ba ya cika shi. Tukunyar gas ba ta kwana a rufaffen wuri, saboda gas ɗin ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake taruwa, sai a ba ta gurbi mai kafar iska zuwa waje. Ƙura kuma aba ce da ba a raina ta a cikin ƙasar: tafiya tana sa iskar cikin akwati ta ragu, sai ya riƙa zuƙo jar ƙura ta kowace kafa, maganinta kuwa shi ne mashigar iska mai matata a sama ko a gaba, wadda ke tura iska mai tsabta ciki.

Ƙa'idar ɗaurin kaya ta ƙasar ta tanadi cewa ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin ɗari na nauyin kaya idan sun yunƙuro gaba, kashi 50 zuwa gefe ko baya, da kashi 20 zuwa sama. Saboda haka a nemi bodi mai sandunan ɗaura igiya a duk tsawonsa da allon gaba mai ƙwari, a yi amfani da bel mai ɗauke da adadin ƙarfinsa a rubuce. Kayan da suka zarce bayan mota da fiye da mita 1.2 suna bukatar tuta mai haske da rana, da jar fitila da dare. Ba a ɗaukar mutane a kan bodi, kuma kare sai an ɗaure shi ko an sa shi a keji. A jihar Victoria ma haramun ne a ɗaure shi a kan daɓen ƙarfe idan zafi ya kai digiri 28 ba tare da shimfiɗar da za ta kare shi ba.

Kulawa ba ta da wahala, sai dai tana son a dage. Bayan tuƙi a rairayin teku kamar na tsibirin K'gari, a wanke saman bodi da ƙarƙashinsa da ruwa mai daɗi a ranar, a bi cikin shasi da bayan akwatunan ƙasa inda yashi mai gishiri ke maƙalewa. Taki da kashin dabbobi da ɗanyen siminti kada su kwana a daɓe. Sabulu mai laushi ya isa, amma sinadarin wanki mai soda mai ƙarfi yana ƙona alminiyom. Idan fentin bodin baƙin ƙarfe ya ɓare, a goge wurin a shafa maganin tsatsa a rufe tun yana ɗan tabo, domin tsatsa tana bi ta ƙarƙashin fenti ta yaɗu ba a gani. A ɗiga mai a sakatu da maɗauran gefuna, a shafa wa robobin ƙofa man silikon don kada rana ta busar da su.

Notocin da ke riƙe bodi da shasi su ne abin dubawa na farko: a sake ɗaure su bayan makonnin farko da ɗorawa, sa'annan kowace safiya idan ana kan hanyar gargada. Baƙin layi ko toka-toka a kewayen noti alama ce cewa wurin yana motsi. A haska fitila a bakin kowace walda, musamman a gindin allon gaba da ƙafafun maɗorin tsani, domin tsagar alminiyom siririya take farawa kamar gashi. A kuma riƙa lura da tazarar da ke tsakanin bayan kai da allon bodi: idan samanta ya fara buɗewa fiye da ƙasanta, to a sauke kaya a kai motar wurin masu duba shasi. Kafin kowace doguwar tafiya, a loda motar tsaf, da mai da ruwa da mutane, a hau sikelin auna motoci, a auna gaba daban da baya daban, domin mota tana iya zama ƙasa da iyakarta a jimilla alhali aksul na baya ya riga ya wuce nasa adadin.