Kyamarar Auna Zafi: Kurakuran da Masu Duba Gidaje Suka Ƙi Dainawa

Tunda kyamarar auna zafi ta fara araha, duk yaron da ya iya haɗa soket biyu sai ya sayo ɗaya ya rataya a wuya, ya ce shi mai duba gida ne. Ba laifi, neman halak ne, kuma aikin akwai shi a Zariya: masu sayen gida a Hanwa, masu gidajen hayar ɗalibai a Samaru, kowa yana son a nuna masa inda rufi ke yoyo ko inda waya ke ɗaukar zafi. Abin da ya gundure ni shi ne ɓarnar iri ɗaya ce kullum.

Babbarsu, sayen kyamara da lambar da aka buga a jikin kwali. Yawancin waɗannan na'urori ido biyu gare su, ɗaya na hoto irin na waya, ɗaya na zafi. Mai talla zai rubuta maka 640×480 da manyan baƙaƙe, alhali wannan na idon hoto ne ko na allo. Lambar idon zafi kaɗai za ka tambaya. Mai 80×60 ɗigo 4,800 yake aunawa, mai 160×120 ɗigo 19,200, mai 256×192 ɗigo 49,152, mai 320×240 kuwa 76,800. Kowane ɗigo awo ne guda. Idan wurin da ya yi zafi bai kai girman ɗigo ɗaya ba, na'urar sai ta gauraya shi da sanyin abin da ke kewaye, ta ba ka lamba mai kwantar da hankali.

Irin wannan cinikin biri a sama ne ya ja min asarar da har yanzu nake jin zafinta. Kyamarata ta farko, wadda na yi oda ta intanet, na kai ta wani gida a Tudun Wada na haska akwatin raba wuta daga nesa kaɗan. Ɗan rawaya-rawaya ta nuna, ba wani abin tashin hankali. Na ce wa mai gidan komai lafiya. Ashe akwai ƙusa ɗaya da ba a ɗaure ba a bakin wayar da ke kai wuta kicin. Ba a daɗe ba robar wajen ta narke, Allah ya taƙaita ba a yi gobara ba. Da ya kira ni, cewa kawai ya yi, “Injiniya, ashe na'urar taka ma barci take yi?” Na sake masa akwatin daga aljihuna, gidajen ƴan'uwansa da ya yi min alkawari kuma suka bi ruwa.

Don haka ni a wurina, ƙasa da 160×120 abin wasa ne, wanda kuma zai ci abinci da sana'ar nan ya nemi 256×192. FLIR C5 tana da 160×120, tana kuma ɗora zanen gefen abubuwa daga idon hoto a kan hoton zafi, abin da suke kira MSX. Hoton yana fita tsaf, mai gida ya gane soket ɗinsa, amma yawan awon bai ƙaru ko da ɗigo ɗaya ba. Topdon TC001 da InfiRay P2 Pro, waɗanda ake cusawa a waya, 256×192 ne. Haka ma Hikmicro B20 da UNI-T UTi260B masu mariƙi. FLIR E8 tana da 320×240, sai dai kuɗinta ba na mai farawa ba ne. Ka duba kuma wata lamba mai mK a gefe: ita ce mafi ƙanƙantar bambancin zafi da na'urar ke iya rabewa, kuma ƙaramar lamba ta fi. Mai 40 ta fi mai 70 ganin danshi. Batun cewa wata hoto 9 take ɗauka a daƙiƙa, wata 25, kada ya ɗaga maka hankali. Bango ba gudu yake yi ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don shi ba laifin na'ura ba ne. Kyamarar nan ba ta gani ta cikin bango! Zafin fuskar abu kawai take karantawa. Amma sai ka ga matashi da azahar tsaka, a watan Afrilu, kwanon rufi ya gasa sili, bulo ya sha rana ya ƙoshi, yana yawo a gidan mutane yana nuna shuɗi, kalar wuri mai sanyi a allon, yana cewa ga ruwa nan. Haba, wane ruwa? Shuɗin nan yana iya zama iskar AC, ko bututun ruwan sanyi, ko ginshiƙin kankare da bai ɗumama daidai da bulo ba, ko ma inda randa ta kwana jingine. Na ga gidan wata Hajiya a Gyallesu da aka sa ta fasa tayil ɗin banɗaki saboda irin wannan shuɗin, aka tarar da wurin a bushe ƙamas.

Ni al'adata, ko dai bayan sallar asuba kafin rana ta taɓa gini, ko awa biyu zuwa uku bayan magariba. Idan yoyon rufi ake nema, kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa; Agusta shi ne watan aikin. Wanda ya kira ni da hunturu don yoyo, nakan ce ya jira, ko mu jiƙa rufin da tiyo. Ka kuma sani ruwa ɗaya kala biyu yake nunawa: a cikin ɗaki wurin da ya jiƙe yakan yi sanyi saboda yana tsanewa, amma a saman rufin kankare da daddare ɗumi yake nunawa, don jiƙaƙƙen wuri ya fi riƙe zafin rana. Kuma ba na buɗe baki in ce danshi ne sai na ɗora na'urar auna danshi a wurin. Wanda ba shi da ita, kada ya sa kowa ya ɗauki guduma.

Jan launi ma ba koyaushe yake nufin haɗari ba. Na'urar tana raba kaloli ne tsakanin mafi zafi da mafi sanyi a abin da take kallo, ko da digiri biyu ne tsakaninsu. Karanta lambar gefe, ko ka kulle ma'aunin da hannunka.

Sauran ƙanana ne. Ƙarfe mai sheƙi, kamar jan ƙarfe ko alminiyam, zafin jikinka yake dawo maka da shi. Manna baƙin salatif na masu wuta bayan ka kashe wutar, ka bar saitin emissivity, wato yadda fuskar abu ke fitar da zafi, a 0.95, sannan ka auna kan salatif ɗin. Kada ka duba waya babu lodi: a kunna hita da dutsen guga da injin jan ruwa, a ba su kamar minti ashirin. Gilashin taga ba ya barin hasken zafin da kyamarar ke karantawa ya wuce, don haka leƙe ta taga ɓata lokaci ne. Kuskuren digiri 2 sama ko ƙasa abu ne da masu ƙera yawancinsu suka rubuta da kansu, ka daina musu a kan rabin digiri. Ƙurar hunturu a hure ta, kada a goge idon da bakin riga. Mai sayen ta waya kuma ya fara duba bakin cajin wayarsa, ya kuma tafi da fawa-banki, don batir take sha ba kaɗan ba.