Yadda Ake Shirya Maƙalar da Za Ta Samu Shiga Taron ICLA

ICLA ita ce ƙungiyar masana kwatanta adabi ta duniya. Ta yi babban taronta na farko a Benis ta ƙasar Italiya a 1955, kuma bisa al'ada bayan shekara uku-uku ake haɗuwa: Firitoriya a 2000, Faris a 2013, Biyana a 2016, Makau a 2019, Tibilisi a 2022. Da Ingilishi da Faransanci take gudanar da aikinta. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a jami'o'in KASU da ABU sukan tura tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da suke so su gabatar, a dawo musu da shi, su ce ai don daga Najeriya suke. Galibi ba haka ba ne, tsakuren ne bai nuna ba.

Fara da karanta sanarwar taron tun daga farko har ƙarshe. Akwai babban jigo, sannan akwai ƙananan zama da masana suka tsara, kowanne da maudu'insa. Zaɓi zama ɗaya ka rubuta dominsa. Kada ka ɗauko babi na uku na kundinka ka sauya masa take, masu tantancewa suna ganewa tun a layin farko.

Inda ake faɗuwa shi ne kwatancen kansa. Yawancin masu farawa sukan ɗauki littafi biyu, su taƙaita labarin wannan, su taƙaita na wancan, su rufe da cewa duka biyun sun nuna muhimmancin tarbiyya. Wannan jerawa ce kawai, kamar mai tumatir a Kasuwar Barci ya kasa kashi biyu ya koma gefe ya zauna. Kwatance yana buƙatar tambaya wadda rubutu ɗaya ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba.

Ga misali. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Idan ka ce za ka kwatanta jigoginsu, ba ka ce komai ba. Amma ka ɗauki waƙa guda da ke da siga a harshe biyu, ka ajiye baitocin gefe da gefe, ka duba abin da ya ɓace, abin da aka ƙara, da inda aka tanƙwara kalma don ta hau karin arulin Larabci. Sai ka tambaya: su wa ake yi wa kowace siga, malamai ko matan karkara da 'yan taru, wato ƙungiyar ilimantar da mata da ta kafa, ke karantarwa? Nan maƙala ta samu ƙafa. Haka ma Magana Jari Ce. Kowa ya san Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, don haka maimaita wannan ba bincike ba ne. Ɗauki labari ɗaya tak, ka nuna abin da ya yanke da abin da ya mayar na fadar sarkin Hausa, da dalilinsa.

Ƙa'idata ita ce kada ka kwatanta abin da ba za ka iya karantawa a harshensa na asali ba. Na san akwai masu musun wannan, su je su yi ta yi. Mu nan muna da abin da baƙi da yawa ba su da shi: Hausa da Larabci da ajami, wasu har da Fulatanci. Ka je Gidan Arewa ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna ka ga rubutun da idonka. Tafi da fensir da takardar gabatarwa daga sashenku, ka tambayi ko an yarda a ɗauki hoto kafin ka ɗaga waya. Kuɗin Keke Napep ne kawai zai ci maka.

Tsakuren kuwa, jimlar farko ta faɗi tambayarka, ta biyu ta faɗi rubuce-rubucen da harsunansu da shekarunsu. Ka ɗauka mai karantawa bai taɓa jin sunan Sakkwato ba, amma kada tarihin jihadi ya cinye maka rabin shafi. Ra'i ɗaya, wato mazhabar nazari da za ka ɗora aikin a kanta, ya isa. Kada ka wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade, ko da guda biyar.

Sauran duk zirga-zirga ce. Duba ko sai ka biya kuɗin zama memba kafin rajista, ka kuma tanadi katin da ke biya da kuɗin waje, don na naira yakan ƙi. Idan kana koyarwa a jami'ar gwamnati, nemi tallafin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ofishin makarantarku ranar da wasiƙar amincewa ta iso, domin takardun suna daɗewa a hanya. Sabunta fasfo tun kafin ka tura tsakuren, biza kuma a nema da wuri. Ka karanta maƙalar da ƙarfi a gaban abokan aiki biyu da agogo a hannu, duk abin da ya haura lokacin da aka ba ka a yanke shi.