Batirin LiPo a motar tseren rimot: inda sababbin shiga ke ƙona hannu

Babu mai ban haushi kamar wanda zai jona batir a caja ya je ya kwanta, wai idan an kawo wuta cikin dare ya cika da kansa. Malam, wannan ba batirin waya ba ne. Na waya yana da kariya a ciki mai yanke caji, na tsere kuwa, wato LiPo (lithium polymer), caja ce kaɗai mai gadinsa. Kowane sel (ƙananan batura da ke cikinsa) iyakarsa volt 4.2, ke nan batirin 2S, mai sel biyu, ya tsaya a 8.4. Ka kuskure ka saita caja a 3S (sel uku), ko ka bar ta a tsarin NiMH (wani irin batir daban), za ta yi ta ɗura masa wuta har ya kumbura kamar fanke, ya fara wari mai zaƙi-zaƙi, sai hayaƙi, sai harshen wuta. A ɗakin haya na Agege ko Idi-Araba, da katifa a gefe da jarkar fetur ɗin janareta a bayan ƙofa, wa zai kashe wannan? Kafin ka danna, duba tsarin LiPo, duba adadin sel, ka jona ƙaramar wayar balans mai daidaita cajin kowane sel. Caji a 1C, wato wuta daidai girman batir: batir mai 5000mAh, amp 5. Sa shi cikin jakar LiPo a kan siminti, bokitin yashi a kusa, kai kuma kana zaune. Idan za ka fita masallaci, cire.

Na biyu shi ne zafi. Mutum ya cika batir tun Juma'a, ya jefa a but ɗin mota, ya maƙale a cunkoson gadar Third Mainland rana na dukan ƙarfe, sannan ya ce mai sayarwa ya cuce shi. Cikakken caji da zafi su ke kumbura LiPo. Ni dai batirin da zai wuce kwana biyu ba a taɓa shi ba, a volt 3.8 kowane sel nake son ganinsa, a inuwa. Wanda ya sauko daga tsere da zafi, a bar shi ya huce kafin caji.

Kada ka tuƙa har mota ta mutu. Saita ESC, na'urar da ke sarrafa gudun mota, ta yanke a volt 3.3 ko 3.4 kowane sel, ƙasa da 3.0 sel ya fara lalacewa. Ka gama, zare batir daga motar, don ESC tana shan wuta a hankali.

Wayar ja da baƙa a ramukan batir mai ƙwarya mai tauri: shafa jan fenti a gefen ja, don jona su a juye sau ɗaya ya isa ya kashe ESC. Wajen walda, waya ɗaya a lokaci guda, ɗayar a naɗe da tef. Damina da iskar gishirin Legas suna sa bakin filogi tsatsa, a riƙa dubawa.

Batirin da ya bugu a hatsari, ajiye shi waje a kan ƙasa na rabin awa. Wanda ya kumbura kuma kada ka huda shi, kada ka danne shi da littafi. Jona masa kwan fitilar mota a fili har ya kai sifili kafin ka rabu da shi.